Moɗar da Aka Rataye a Ƙusa

Bazara ce, irin wadda rijiyoyi ke ja da baya, kowa ransa a kusa. Ina 'yar ƙarama lokacin, a ƙauyenmu can wajen Basirka. Har yau in na ji guga ya bugi bakin rijiya, can hankalina ke komawa.

Muna da wata maƙwabciya da ta yi ciwon kuturta. An kai ta asibiti, ta sha magani ta warke, yatsun ne dai ba su dawo ba. Matan unguwa suka hana ta rijiya. Da magana ta kai gaban dagaci, ya sa aka yi shela ranar kasuwa: duk wanda ya sake hana ta ɗiba, zai gamu da hukuma.

Ba a sake hana ta ba kuwa. In ta iso sai a ja gefe, hira ta mutu, ta ja ruwanta. Tana juya baya kakata za ta wanke guga da igiya da toka. A gidanmu ma akwai wata moɗa a rataye a ƙusa, ta maƙwabciyar ce ita kaɗai. Na taɓa tambaya, kakata ta ce ai dagaci rijiya ya ambata, bai ce komai a kan randarta ba.

Na girma, aure ya kawo ni Birnin Kudu, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu ta karanta mana cewa doka ta hana wariya, kuma wanda ya warke ba ya shafa wa kowa. Na gyaɗa kai, har na rubuta a littafina.

Kwanan baya 'yata ta zo da ƙawarta daga makaranta. Da na tambayi asalinta, ashe jikar maƙwabciyar nan tamu ta ƙauye ce. Ta nemi ruwa. Wallahi ban san lokacin da hannuna ya tsallake kofunanmu ya ɗauko wani tsohon kofi a bayan randa ba. Yarinyar ta dubi kofin, ta dube ni, ta ce ƙishin ya wuce.

Da ta tafi, 'yata ta ce a hankali, "Inna, ba za ta ƙara zuwa ba."

Na yini ina shiga ina fita, ko tsintar shinkafa na kasa. Ba wanda zai kai ni ƙara. Wace doka ce za ta bi hannuna bayan randa?

Washegari na yafa mayafi, 'yata ta raka ni gidansu. Bayan gaisuwa na ce wa yarinyar ƙishi nake ji. Ta ɗan tsaya, sannan ta kawo mini a kofinsu. Na shanye, na ce ta ƙaro.