Amotisar da Ta Kai Surukina Bibemi

In dai ina numfashi, ba na jin zan manta ranar da na kai surukina ɗaurin aure Bibemi. Lokacin wata huɗu da aurena, kuma ba abin da nake so kamar tsohon nan ya san 'yarsa ta auri mutum mai tsari.

Shi ne waliyyin 'yar wansa, za a ɗaura bayan Juma'a. Ni na roƙa a bar ni in kai shi a motata. Ana jibi tafiya na shiga gareji a nan Garwa na ce a canza mini shokazoba na baya, abin da muke ce wa amotisa. Tsoffin lafiyarsu ƙalau, neman burgewa ne kawai. Bakaniken ya kawo wasu jajaye masu ƙyalli ya ce, "Fatron," wato maigida, "adaftabul ne, ba na kamfanin motar ba, amma sun fi orijin. In ka ji ɗan kuka kada ka damu, sababbi ne, za su saba da motar." Na gyaɗa kai kamar na san abin da ake cewa.

Muka tashi da hantsi, surukina a gaba cikin farar babbar riga, ƙanensa da muke kira Baffa a baya. Har Pitowa lafiya. Muna sauka daga kwalta sai bayan motar ya fara ƙwal-ƙwal, kamar ana jijjiga cokula a cikin kwano. Da muka faɗa wani rami sai ya koma gwaram.

Abin da ban faɗa muku ba, surukina ya yi shekara talatin yana tuƙa babbar mota tsakanin Garwa da kudu. Da na buɗe baki na ce, "Baba, me ka ji?" da magana ta ƙare. Amma ina ni ina tambayar suruki? Shi ma kunya ba za ta bar shi ya gyara wa mijin 'yarsa a gaban mutane ba. Sai na yi dabarar masu ilimi, na ƙara muryar rediyo.

Can surukina ya juya wajen ƙanensa ya ce, "Ka tuna wani direba da muka sani, wanda aka manta ba a sa masa roba a gindin amotisa ba?"

Baffa ya ce, "Na tuna. Ya ma aka yi da shi?"

"Tsayawa ya yi ya duba."

Ni kuwa na ce, "Allah sarki," na ƙara wuta don kada mu makara. Yau in na tuna wannan "Allah sarki" sai in ji kamar in nutse.

Mun isa Bibemi motar tana rangaji. Na ajiye su a ƙofar gidan biki, na bar motar a nan, na sulale kasuwa neman bakanike a ɓoye, na tarar duk sun rufe sun tafi masallaci. Na bi sahu. Aka yi salla, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Da muka fito sai na ga surukina yana taka ƙasa mai zafi ba takalmi.

Nan fa na samu abin yi. Na dinga faɗa a kan ɓarayin takalma, na ce mutanen yanzu ko ɗakin Allah ba su bari ba. Na miƙa masa nawa, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Bar shi, Malam. Allah ya shirye mu baki ɗaya."

A hanyar dawowa motar ta yi tsit. Ramin da ya sa ta gwaram da safe muka wuce shi kamar a kan katifa. Daɗi ya kama ni, na kashe rediyo don kowa ya ji shirun, na ce, "Dama bakanikena ya faɗa, sababbi ne, sai sun saba."

Surukina ya ce, "Haka ne, sun saba." Baffa kuwa tari ya sarƙe shi har Pitowa.

Bayan kwana biyu matata ta dawo daga gidansu, ta ajiye mini ƙullin leda. Na buɗe, sai ga takalman Baba, an yanke dunduniyar kowanne. Ta ce Baffa ne ya ba ta labari. Ina tafiya kasuwa Baba ya tuɓe babbar riga, ya ari sifana wajen wani mai babur, ya shiga ƙarƙashin motar. Ya tarar ba roba ko ɗaya, noti ɗaya kuma saura ƙiris ya fita. Dunduniyar takalmansa ya yanke ya huda tsakiya ya yi robar, ya ɗaure, ya tafi ɗaura aure ƙafa ba komai. Ya kuma ce kada a gaya mini, kada in ji kunya.

Na zauna riƙe da takalman nan, wallahi har idona ya kawo ruwa. Ina ta ƙoƙarin tsare mutuncina a gabansa, ashe tun safe shi yake tsare mini shi.

Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa tayar da zancen ba. Ni dai tun ranar na koyi cewa in abu ya fara ƙara, a mota ne ko a gida, tsayawa ake yi a tambayi wanda ya sani. In ka ƙi tambaya don kada a ga gazawarka, wani ne zai taka ƙasa mai zafi a madadinka.