Shekara Tara Babu Modu, Ga Sitiyari Yana Fizga

Shekara tara ke nan a wannan watan da muka kai Malam Modu Gana makwancinsa. Ciwon hanta ya kwantar da shi wata uku, ya cika ranar wata Laraba da hantsi. Tsofaffin direbobin Potiskum ba sai na gaya musu ko wane ne ba. Ga wanda bai riske shi ba, bakanike ne a unguwar Hausari, Babarbare, gajere, mai rumfar kwano a gindin wata bishiyar maina. Ba ya taɓa inji. Aikinsa ƙafar mota ne: sitiyari, shoka, da duk abin da ke riƙe tayoyin gaba. Ni Bafillace ne, shi ya sa shekara ashirin da biyu muna abota ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kullum "kai Bafillace".

Na so in rubuta wannan waiwaye da kwanciyar rai, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Unguwarmu ta Bolewa tana da wata tsohuwar doguwar mota da wani bawan Allah ya ba da sadaka, ana kai mara lafiya da mai naƙuda asibiti a cikinta. Ni na daɗe ina tuƙa ta, har yanar ido ta fara rufe mini gani, na miƙa makulli ga Sale, magidanci mai 'ya'ya huɗu, mutum natsattse. Birkinta ya yi sanyi, sai dattawan unguwa suka kai ta wani gareji aka sa mata babban faifan birki na wata sabuwar mota. Niyya mai kyau ce. To da birkin ya ƙi shiga cikin wili, wato ƙarfen taya, sai bakaniken ya sa zoben ƙarfe mai kauri a bayan kowace taya, tayoyin gaba suka turo waje kamar faɗin yatsa biyu. Na fito daga sallar azahar na gan ta a ƙofar masallaci ta buɗe ƙafafu.

Na san wannan tsayuwar, domin tawa motar ta taɓa yin irinta.

A lokacin ina da akori-kura, ina ɗauko wake daga ƙauyuka. Na je wa Modu da faifan birki babba da na sayo, na ce ya sa mini. Ya juya shi a hannu, ya gwada a wili, ya ajiye. Sai ya ɗauki alli ya shiga ƙarƙashin motar, ya ce in murza sitiyari. Da ya fito ya nuna mini wani ɗigo da ya yi a ƙasa, a ƙarƙashin taya.

"A nan tayar take juyawa," in ji shi. "In ka tura ta waje, ɗigon nan ba ya bin ta. Ka taɓa ɗaukar bokitin ruwa ka miƙe hannu da shi? Haka ƙafar za ta zauna kullum. Ran da ka taka birki da ƙarfi, titi ne zai riƙe sitiyarin, ba kai ba."

Na ce masa tsoro irin na Barebari. Ya ce in ba shi mako biyu ya nemo wilin da ya dace. Ban ba shi ba, don kakar wake ba ta jira. Na kai wani wurin aka yi mini aikin da zobban ƙarfe a yini ɗaya.

Wata guda ban ga komai ba sai daɗi. Ran nan ina dawowa daga Mamudo da la'asar, mota cike da buhuna, mata biyu a baya, sai amalanken shanu ya ratso titi. Na danne birki, tayar hagu a kan kwalta, ta dama a yashin gefe. Sitiyarin ya fizge daga hannuna kamar an ƙwace, ya karya mini babban yatsa, muka gangara cikin gonar gero. Allah ya kiyaye rai. Ɗaya daga matan, Yagana, ta fasa goshi, kuma har ta rasu tabon yana nan. Mun sha haɗuwa a kasuwa, takan gaishe ni da fara'a, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Garin neman gira na kusa rasa ido.

Modu da kansa ya zo ya jawo motar. Bai ce "na faɗa maka" ba, kuma da ya ce da ya fi mini sauƙi. Kwana huɗu ya yi a kanta. Ya cire zobban, ya samo wili mai zurfi wanda birkin ya shige ciki taya ba ta motsa daga mazauninta ba. Ya canja robobin ƙafa da suka saki, domin a cewarsa birki mai ƙarfi sai ƙafa mai ƙarfi. Sannan ya ja zare daga tayar baya zuwa ta gaba, yana aunawa yana murza noti kaɗan-kaɗan. Babban birkin nan dai shi ya bar mini, na yi shekara goma sha ɗaya da shi ko sau ɗaya bai ja gefe ba. Ashe Modu ba sabon abu ya ƙi ba, gaggawa ya ƙi.

Ina yawan tambayar kaina me zai ce da zai leƙo garin nan yau. Yanzu akwai masu daidaita taya da na'ura, allo yana nuna kore da ja. Na tabbata da zai tsaya ya kalla, mai son sani ne. Amma motar unguwarmu ma an hau da ita kan na'urar, allon ya nuna kore. Na'ura ta ce tayoyin suna kallon gaba daidai, ba ta ce an raba su da inda suke juyawa ba, don ba a tambaye ta ba. Tsofaffin motoci kuwa sun cika gari, sabuwa ta fi ƙarfin talaka, kowa yana ɗora kayan wannan a jikin waccan. Nawa ne a cikinsu ke yawo da ƙafa a buɗe, ɗauke da mutane, ban sani ba. In na tsaya bakin titi idona kan tayoyin gaba yake.

Da na yi wa dattawa magana, wani ya yi dariya ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Gaskiya ne. Amma 'yata Hauwa cikinta wata tara, haihuwar fari, kuma wannan motar ce za ta ɗauke ta. Na roƙi Sale muka fita bayan gari mu biyu, na ce ya sa taya ɗaya a yashi, a hankali, ya taka birki. Ya taka. Motar ta karkata har kafaɗarsa ta bugi ƙofa. Nan take ya kashe ta.

Yanzu tana ajiye. Mun zaga gareji uku, kowa ya ce ai haka ake yi. Na yi magana da wani maƙwabci mai Keke mai ƙafa uku saboda Hauwa, amma ba ita kaɗai ce mai ciki a Bolewa ba, kuma ciwo ba ya sallama.

Modu bai bar gida na a zo a gani ba, rumfarsa ma yau shagon cajin waya ce. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka isa gida lafiya ba su san an yi musu komai ba, da 'yan tsofaffi irina da hannunsu ke jin abin da bakinsu ba zai iya bayyanawa ba. Jiya Sale ya zo da takarda da biro ya zauna a gabana.

"Baba Buba, gaya mini yadda yake aunawa, in kai wa bakanike."

Shekara ashirin da biyu ina zaune a bencinsa ina shan shayinsa ina tsokanarsa, ban taɓa cewa ya nuna mini ba.

Allah ya jiƙan Modu Gana, ya sa aljanna ce makomarsa. Mu da muke kan hanya, Allah ya sauke mu lafiya.