Tsamiyar da Baba Modu Ya Nema Daga Sama

Shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Modu mai gyaran agogo, wanda 'yan Fagge da 'yan kasuwar Sabon Gari suka fi sani da Baba Modu. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau. Wani ɗan abu ne ya faru da ni a makon jiya, ya sa na yi dariya ni kaɗai a tsakar gida har maƙwabciyata ta leƙo, kuma na san da yana raye shi ne zai fi kowa jin daɗin labarin.

Baba Babarbare ne, amma Kano ta raine shi. Yana ɗan shekara tara mahaifinsa ya taho da shi daga wani ƙauye a bakin tafkin Chadi mai suna Tumbun Kyari, bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sunanta aka sa mini, Falmata, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Teburinsa yana wani lungu a Sabon Gari. Kusan shekara arba'in ya yi yana maƙale da ɗan gilashin nan a ido ɗaya, yana tsintar ƙusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba. Mutum ne mai ra'ayi a kan komai, kuma ba ya jira a tambaye shi.

A zamansu na ƙofar masallaci shi kaɗai ne ya yarda an taɓa zuwa duniyar wata. Sauran dattawan suna cewa ƙaryar Turawa ce, shi kuwa sai ya ciro agogo daga aljihu, ya buɗe bayansa ya nuna musu. Hujjarsa ke nan kullum: duk mutanen da suka iya sa wannan ƙaramin abu ya riƙa tafiya daidai da rana, ba zai yi musu gardama ba idan sun ce sun auna hanyar wata. Ba ya cin nasara a kansu, su ma ba sa ci a kansa, gobe kuma a ɗora daga inda aka tsaya.

Da mulki ya koma hannun farar hula, gidajen intanet suka fara buɗewa a Titin Ibrahim Taiwo. Ɗaya daga cikinsu na abokinsa ne, Alhaji Taju, Bayaraben Fagge wanda Hausarsa ta fi tawa. Ni a lokacin ina jami'a, ni ce mai raka Baba, domin ya ce ba zai sa yatsunsa a kan abin da bai san cikinsa ba. Zai zauna a gefena da hularsa a gwiwa, yana ba da umarni ina bugawa, shafi yana buɗewa kaɗan-kaɗan daga sama, janareta yana ta ruri a baya.

Ranar farko bai tambayi wani abin kirki ba. Ya ce in tambayi injin binciken wace ƙofa ce ta Fagge a cikin ganuwar Kano. Na ce, “Baba, ai Fagge a wajen ganuwa take.” Ya ce, “Na sani, Uwata. Shi nake so in ji ko ya sani.” Injin ya kawo wasu shafuka da ba su da alaƙa da maganar, babu amsa ko ɗaya. Baba ya gyaɗa kai ya ce wannan yana da kunya, bai sani ba kuma bai ƙirƙira ba. Haka yake yi wa kowa, mutum ko na'ura: sai ya jefa tambaya mai rami a ciki, ya zauna yana jiran ya ga ko za a faɗa.

Daga nan ra'ayoyi suka fara zuba. Alhaji Taju yana da burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, iri biyu a kwamfutocinsa, samarin da ke zuwa kullum suna musu a kan wadda ta fi sauri. Baba ya saurare su kwana biyu, sannan ya yanke hukunci cewa duk ƙofofi ne, kuma idan hanyar waje ta cushe, sauya ƙofa ba ya kai mutum gida da wuri. Injin bincike kuwa ya ce dillalin Kantin Kwari ne: ya san kowane shago, amma ka lura da wanda yake fara kai ka. Alhaji Taju ya ce masa, “Modu, kai da ba ka taɓa danna komai ba, ka fi masu dannawa surutu.” Baba ya ce likita ma ba sai ya yi ciwon ba yake faɗin sunansa.

Duk wannan wasa ne. Abin da ya kai shi wurin daban ne, kuma sai da aka ba da labarin Najeriya ta harba tauraron ɗan'adam nata na farko ya faɗa mini. Mahaifiyarsa tana kwance a gindin wata tsamiya, a ƙarshen wani tudun yashi mai lanƙwasa kamar lauje. Ya taɓa komawa sau ɗaya kafin a haife ni, ya tarar garin ya tashi. Mutanen bakin tafki haka suke: ruwa ya ja baya, su kwashe bukkokinsu su bi shi, su tafi da sunan garin. Tumbun Kyarin da ya tarar ba shi ne wanda ya bari ba, kuma babu wanda ya iya nuna masa tsohon wurin. Ya yi kwana uku yana yawo a daji ya dawo. Tun daga lokacin yake cewa a ransa, a ƙasa ne ya ɓace, da zai hango wurin daga sama zai gane laujen nan. Na ce masa addu'a tana isa ko daga ina aka yi ta. Ya ce, “Na fi ki sani. Ni dai ina so in gani.”

Da taswirar hotunan sama ta iso kwamfutocin Alhaji Taju, Baba ya rufe teburinsa da rana tsaka, abin da bai taɓa yi ba. Muka nemo Kano, muka ga filin jirgi, muka ga rufin Kantin Kwari. Muka ja zuwa gabas har tafkin, muka matso da hoton, sai komai ya narke ya zama kore da ruwan ƙasa kamar an zubar da miyar kuka. Baba ya ciro gilashin aikinsa ya maƙala, ya kai fuskarsa jikin allon. Samarin wurin suka fara dariya, Alhaji Taju ya harare su suka yi tsit. Ya daɗe a haka, sannan ya ɗago ya ce, “Ana ɗauko hoton duwatsun duniyar Mas ɗaya bayan ɗaya, inda ba uwar kowa, amma bishiya guda a Borno ta gagara.”

Muka riƙa komawa duk bayan 'yan watanni. Hoton yana ƙara fitowa a hankali, idanun Baba kuma suna ja da baya. Da farko ƙananan agogunan mata ya daina karɓa, sai na hannu gaba ɗaya, sai ya koma na bango kawai, daga baya ya bar teburin. Likitoci suka ce jijiyar idon ce, ba abin da za a yi sai ɗiga magani. A wannan tsakanin hanyar can ma ta lalace saboda rashin tsaro, ba mai shawartar kowa ya je. Ni kuma na yi aure, na fara koyarwa, sai ya zama sai ya yi mini aike sau biyu kafin in zo in kai shi. Wannan yana cikin abubuwan da har yau suke cina.

Wata Asabar bayan azahar Alhaji Taju ya zo gida da kansa ya ce an sabunta hotunan wajen tafkin. Na riƙe hannun Baba muka tafi. A lokacin haske da duhu kawai yake bambancewa. Gaskiya ne hoton ya fito, har ana iya ƙirga bishiyoyi. Amma tudun yashi ba ɗaya ba ne, ba goma ba, kuma kusan kowanne a lanƙwashe yake, kowanne da baƙaƙen ɗigo a kansa. Na duba, na duba, shi kuma yana zaune ya juyo da kunnensa wajena yana jira. Tausayinsa ya kama ni. Na ɗora yatsa a kan wani ɗigo na ce, “Baba, ga ta nan. Ga laujen, ga tsamiyar a ƙarshensa.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi. To rijiyar fa, tana gabas da ita ko yamma?”

Na ce, “Gabas.”

Ya yi murmushi, ya laluba ya kama hannuna. Ya ce, “Uwata, mu da muke kwana muna jin ƙarar ruwa, me za mu yi da rijiya?”

Kunya ta rufe ni, na fara kuka a gaban mutane. Bai yi faɗa ba. Ya ce uwa ɗaya ta ɓace masa a daji, ba ya so ta biyu ta fara yi masa ƙarya don tausayi. Ya ce in faɗa masa abin da nake gani kawai, shi zai yi sauran aikin. Alhaji Taju ya jawo kujera ya zauna, ya ce kada wanda ya tashe mu. Na fara daga bakin ruwa ina faɗa: ga wani fili fari, ga hanyar shanu ta ratsa shi, ga tudu mai bishiya biyar, ga wani mai bishiya ɗaya amma a tsakiya take. Yana tambaya ina amsawa, inda ban gane ba in ce ban gane ba. Wani wurin ya ce in wuce, wani wurin ya ce in dakata, sannan ya ce a'a. Har aka kira la'asar ba mu same ta ba. A hanyar gida, muna ratsa Fagge a hankali, ya ce mini rabonsa da zuwa gida irin na yau tun yana yaro. Bai sake neman a kai shi ba, kuma bai cika shekara ba bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu gidan intanet ɗin Alhaji Taju ya zama shagon sayar da wayoyi, shi ma ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa. Abin da muke zama awa guda muna jira ya buɗe, yau yana cikin jakata. Sau da yawa nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan zamani. Na tabbata rokar da ake cewa tana tashi ta dawo ta sauka a tsaye za ta burge shi, zai ce aikin masu agogo ne, zai kai labarin ƙofar masallaci a ƙi yarda da shi. Musun burauza kuwa zai ce har yanzu ba a gama ba? Abin da ban sani ba shi ne yadda zai yi da sababbin manhajojin nan da ba sa nuna maka shaguna, sai dai su ba ka amsa da bakinsu kamar mutum.

Shi ya sa a makon jiya na gwada wata. Na rubuta mata: a tsohon Tumbun Kyari, rijiyar tana gabas da tsamiya ko yamma? Ban gama ajiye wayar ba amsa ta fito, cikin ladabi da lafazi mai daɗi. Ta ce a irin waɗannan ƙauyuka an fi samun rijiya ta gabas, har ta ƙara mini da dalili. Gabas! Ramin da na faɗa, shi ta faɗa, har ɓangaren ma ɗaya muka zaɓa. Na yi dariya har hawaye, daga baya hawayen suka ci gaba ba tare da dariyar ba. Ban ji haushinta ba, domin na san yadda abin yake: wani yana jira, kana so ka faranta masa. Bambancin kawai ni an kama hannuna an gyara mini.

Baba bai bar mana gadon gida ba sai wanda muka tashi a ciki, bai bar suna a intanet ba, na nema ban samu ba. Gilashinsa yana wurina, da agogon bango ɗaya da har yanzu bai taɓa saɓa lokaci ba. Abin da ya fi waɗannan zama a jikina shi ne wancan yinin. Ɗalibaina sun san ni da cewa “ban sani ba, bari mu duba”, kuma sun san nakan jefa musu tambaya mai rami, suna tsammanin mugunta ce tawa ta kaina.

Har yanzu nakan buɗe taswirar idan na samu sarari. Hoton ya fito tas, har inuwar kowace bishiya ana gani, sai dai mutum ɗaya da zai iya cewa wannan ce ya tafi. Akwai tudu uku masu kama da lauje, kowanne da bishiya a ƙarshensa, na sa musu alama. Ban zaɓi ko ɗaya ba. Idan 'ya'yana suka tambaye ni wanne ne na kakarmu, nakan ce ban sani ba, sai mu yi addu'a a kan duka ukun. Allah ya jiƙan Falmata a duk inda take kwance, ya jiƙan ɗanta Modu, ya sa yanzu ya gan ta.