Ƙuma a Gidan Kawu

Ina aji huɗu na sakandare, gab da soja su miƙa mulki, ina zaune gidan kawuna a unguwar Gangare, cikin Jos. Masara yake sayarwa, kuma bango ɗaya ya raba ɗakina da wanda yake jibge buhuna. Ɓeraye sun mai da gidan nasu. Da rana tsaka suke ratsa tsakar gida, ba gaggawa, sai ka ce su ma haya suke biya.

Sai cizo ya fara, kowa na susa. Kawu, wanda bai taɓa rasa amsar tambayar da ba a yi masa ba, ya yanke hukunci: kuɗin cizo ne, daga tsofaffin littattafan da nake saye a gwanjo suka fito. In Juma'a ta zo ana susa, wuta zai sa musu.

Ni kuwa na lura cizon duk a idon sawu yake da ƙwauri. Kuɗin cizo gadon baya da wuya yake bi, ya bar baƙin ɗigo a ɗinkin katifa. Na bi ɗinkin tawa kaf, babu. Na sa farar safar makaranta na tsaya a ƙofar ɗakin masara. Nan da nan wasu baƙaƙen ƙwari suka hau. Na kai yatsa, ɗaya ya yi tsalle ya ɓace. Na kama wani na jefa cikin kofin ruwan sabulu: siriri, mai dogayen ƙafafun baya. Bai daɗe ba Kawu ya zuba maganin ɓera. Ashe ɓerayen da suka mutu a rami, ƙwarin jikinsu ne suka bar mushe suka dawo kanmu.

Na kai masa kofin zaure, yana tare da abokan hirarsa. Na durƙusa. Muryata ba ta fita a gaban mutane.

"Kawu, ƙuma."

"Kuma me?"

"Ƙuma... na ɓera."

"Kuma ɓera! Ana zancen cizo kana kawo mini ɓera. Ɓera ai na gama da shi."

Telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙa kofin. "Alhaji, ƙuma yake nufi. Mai tsallen nan."

"Kuɗin cizon Jos ne," in ji Kawu. "Sanyi ke sa shi tsalle."

Manyan mutane masu furfura suka gyaɗa kai. Kawu ke sayen shayin zauren.

Ranar Juma'a, da aka sauko daga masallaci, Kawu ya tara littattafan a tsakar gida ya kwarara kalanzir, ya cinna wuta. Ƙamus ɗina ne ya fi daɗewa yana ci. Ina tsaye ina kallo, ana cizona a ƙafa.

Cizo ya ci gaba. Ban ƙara yi wa kowa bayani ba. Kullum na dawo makaranta sai in tone ramukan ɓeraye in fid da mushe, in ƙone tsummokaran sheƙarsu, in toshe da fasassun kwalabe da siminti. Na share ƙasan buhuna, na barbaɗa garin maganin ƙwari a gindin bango. Sannu a hankali susa ta ɗauke.

Wata la'asar na zo wucewa ta zaure, na ji Kawu yana cewa, "Ban gaya muku ba? Tun da na ƙone takardun nan muka samu barci." Ya hango ni. "Kai, ɗan boko! Na raba ka da ƙazanta, ko godiya babu?"

Na durƙusa na ce, "Na gode, Kawu."