Akwatin da Ya Yi wa Maƙwabcina Kaɗan

Shekarar da muka samu ƴancin kai ina komi, wato akawu, a wani biron gwamnati a Yamai, ina haya a unguwar Kalley. Katanga ɗaya ta raba ni da wani dattijon kafinta, Kirista, mutumin Dahome. Zan faɗi abin da ya faru bi da bi, don ba na son labari a hargitse.

Da farko ya yi ciwo. Wata uku yana kwance, ya rame har haƙarƙarinsa ya fito fili. Ranar da ya iya miƙewa bai nemi abinci ba, zarto ya nema. Yana da wani katako mai kyau da ya zo da shi daga ƙasarsu, ya ce da shi zai yi akwatin da za a binne shi a ciki, kamar yadda suke yi a addininsu. Ni ya kira in auna shi, wai hannun ma'aikacin gwamnati ba ya ƙari ba ya ragi. Ya kwanta a tabarma, na auna tsawo, na auna faɗi. Ya yanka katakon daidai da awona, ko guntu bai saura ba.

"Malam, na shirya," in ji shi. "Inda za ni babu zazzaɓi, babu sauro."

Daga nan sai ya warke, abin da ba ya cikin tsarin. Matarsa ta dinga dafa masa kifi da tuwon masara da miyar manja, shi kuwa yana ci kamar aikin da aka ɗauke shi ke nan.

Lahadin farko ta kowane wata, in ya dawo daga majami'a, yakan shiga akwatin ya gwada, ni in tsaya in duba. A wata na biyu kafaɗunsa suka fara gogar katako. A na huɗu tumbi ya tokare murfi. Na ce ya ƙara faɗin da katakon kasuwa, ya ce ba zai je gaban Ubangijinsa da faci ba. Na tuna masa cewa mu likkafani muke yi, yadi ba ya gardama da tumbi. Ya ce kowa da nasa.

A wata na shida ya danna kansa ciki da ƙarfi, ya shiga, fita kuma ta gagara. Na ja hannuwansa, akwatin ya biyo shi. Matar ta zuba man gyaɗa ta gefe, rigarsa ta majami'a ce kawai ta sha.

Na tsaya na yi tunani, sannan na ce, "Baba, hanya biyu ce. Ko a fasa akwatin, ko ka zauna a ciki kwana biyu zuwa uku ba ci, ka saɓule ka fito, akwatinka lafiya lau. Ni ta biyun na fi so, ta fi tsari."

"Malam," in ji matar, "shekara talatin ina fama in ga nama a jikin mutumin nan. Yau ka zo za ka rage mini shi saboda katako?"

Shi kuwa yana kallon sama. Tukunyar kifi na kan murhu, iska na kawo ƙanshin daidai inda yake kwance. Can ya ce, "A ɗauko mini kurfi da guduma."

Ban ji daɗi ba, kuma na faɗa masa. "Kai ka ce can ya fi nan. Ga ka a cikin abin tafiyar, ka shiga da ƙafarka. Yanzu tukunya ɗaya ce za ta fito da kai?"

"Can ya fi, ban canza magana ba," in ji shi. "Amma wanda ya yi can, shi ya sa kifin nan a kogi, shi ya tashe ni daga tabarma ban roƙa ba. In ka je gidan mutum ya ba ka kwano a zaure, sai ka ture don kana jiran na cikin gida? Ranar da ya kira ni zan tafi. Yau dai matata ce ta kira."

Daga kwance ya dinga nuna mini inda zan sa bakin kurfin in ɓamɓare katakon. Ƙusar dama tukuna, sannan ta wajen ƙafa. Ya yi mini faɗa sau biyu don na kusa tsaga katakon. Da allon gefe ya faɗi, sai ya mirgino ƙasa, ya tashi, ya wanke hannu.

Cikin mako guda akwatin ya zama teburin cin abinci. Tsawonsa daidai tsawon mai gidan, ni na san haka don ni na auna. Na ci tuwo a kansa ba sau ɗaya ba, kullum ta wajen ƙafa nake zama.

Daga baya ya ce in sake auna shi, na ƙi. Na ce sai ya tsaya a girma ɗaya tukuna. Har suka koma ƙasarsu bai tsaya ba.