Jaridar da Ta Ƙi Kama Sunana

Babana ya fara da awon gyaɗa a Kibiya, ya sayi wata tsohuwar lori mai tari kamar ɗan taba, sannan wata rana ya dawo daga Kano da injin ɗab'i a bayanta. Mutane suka ɗauka na niƙa ne, har mata suka fara aiko da dawa. Shi kuwa ya kafa shi a Rano, ya ce jarida zai buga. Mutumin da bokonsa duka na ajin yaƙi da jahilci ne!

Falle ɗaya ce, tana fita ranar kasuwa, kuma ba wanda ta bari. Malamin haraji ya yi barci a gindin tsamiya, an buga shi da sunansa da na ubansa. Di'o ya zame daga kan doki, an buga. Jakin wani mutumin Madachi ya ɓata, an buga sunan mai jakin, har da laƙabin jakin.

Sunana ne kaɗai bai taɓa shiga ba. Ni ne ɗan fari, a gidanmu kuwa uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ko kallonsa sai a kaikaice. "Kai" nake, in an yi mini gata "wancan". Na san al'ada ce, amma wallahi da haushinta na girma.

Shekarar da Turawa suka sauke tutarsu aka zaɓe ni zuwa Ingila karatun aikin gona. Na ce yau dai dole ya buga ni. Na tura masa Goggo, yayarsa, don ita kaɗai yake shakka. Ta dawo ta ce ya ji, sai dai bai ga abin labari ba don an kai jikan manoma ƙasar da ba ta san gero ba ya koyo noma.

Ranar kasuwa jarida ta fito, da manyan baƙaƙe a sama: WANI YARO DAGA KIBIYA ZAI TAFI INGILA. Wani yaro! Jaki ya samu suna, ni ban samu ba. Na dunƙule ta na jefar, na rantse ba zan yi masa sallama ba, na koma gidan Goggo na kumbura.

Da la'asar direbansa ya shigo neman ruwa, yana ta mita. Wai tun safe Alhaji ya sa shi yawo, Kahu, Unguwar Gai, har ƙauyukan da lori ba ta da hanya, yana raba jarida kyauta ga mutanen da ba su san bihim ba. Duk inda suka tsaya sai ya hau bayan lori ya karanta musu da kansa. In aka tambaye shi ɗan waye, sai ya ce ina ya sani, ɗan wani ne dai, ya sake ɗaukowa daga farko.

Ranar tafiya na je. Yana gaban injinsa, ya ba ni baya. Na durƙusa na ce, "Baba, zan tafi."

Ya dubi injin ya ce, "A gaya wa wancan, an ce can akwai sanyi." Ya miƙo bargonsa ta baya, bai juyo ba.

Na karɓa na fito, ina kuka da gemuna a tsakiyar titin Rano. Ina can Ingila ya rasu. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, kuma har yau ina so in ji.