Malam Isiyaku Ya Tafi, Bincikenmu Bai Ƙare Ba

Ina Katuru ina ɗaure bel ɗin wani injin sussukar gero da na ƙera, sai direban wata mota mai zuwa kasuwar Shinkafi ya tsaya a bakin hanya ya ƙwala mini kira. Ko kashe motar bai yi ba. Ya ce, "Lawali, ka ji Malam Isiyaku na ɗakin karatu ya cika? Tun da hantsi anka kai shi." Na tambaye shi wane Isiyakun, alhali na san guda ɗaya ne. Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na bar sifanar da nake ɗaure injin da ita a ƙasa na kama hanyar Kaura, amma kafin in isa har an watse daga maƙabarta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, aka ce. Ni ko labarin ciwon ban samu ba.

Malam shi ne mai kula da ɗakin karatu a kwalejin fasaha ta Kaura, inda na koyi ƙere-ƙere. Na zo daga ƙauyenmu Sakajiki ina jin kunyar Turancina, sai in tsaya gaban kantar ɗakin karatun in kasa tambaya. Shi ya fara lura da ni. Ba ya miƙa wa ɗalibi littafi sai ya ji abin da ke tafe da shi. Yakan ce, "Hwaɗi mini da Hausa tukuna. Wanda bai iya hwaɗin abin da yaka nema ba, ko an aza mai shi bisa tebur ba ya gane shi."

Bayan na gama na buɗe shagon walda kusa da tashar jirgin ƙasa, na ƙera injin sussuka: ganga mai haƙoran ƙarfe tana juyawa cikin raga, fanka tana fitar da ƙaiƙayi. Manoman Ɗan Isa suka fara saye. Ana cikin haka wani mutum ya zo daga birni da takarda mai hatimi. Ya ce shi ya ƙirƙiro wannan inji, gwamnati ta ba shi haƙƙin mallakarsa, ni kuwa sata na yi, kuma zai kai ni kotu a rufe shagon.

A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, kalmar sata ta yi nauyi a bakin kowa. Kafin mako ya zagayo maganar ta kai Sakajiki, ta koma cewa hannuna za a yanke. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Masu saye suka janye. A masallaci wanda ke gefena yakan ɗan matsa. Na je wurin Malam na rantse masa ban taɓa ganin injin mutumin ba.

Ya ce, "Na yarda. Amma rantsuwarka ba ta buɗe maka shago. Ganga da haƙora tsohon abu na. In wani ya riga ku duka biyu, to shi ma ba nashi na ba. Tashi mu tai Gusau."

A Gusau ne kawai ake samun intanet a lokacin, a wani shago na wata mata 'yar Kudu. Malam ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya buɗe rumbun da ƙasashen waje ke ajiye takardun haƙƙin ƙirƙira, kowace da zanenta da bayaninta. Na rubuta sunan injina da Turanci. Babu ko ɗaya.

Malam ko gezau. Ya ce wanda ya ƙera irinsa a wata ƙasa bai san sunan da nake kiransa ba, wataƙila ma bai taɓa ganin gero ba. Ya sa na lissafo gero da dawa da hatsi, ya raba su da kalmar OR, wato kowanne aka samu ya isa, ya kulle su cikin baka biyu. Ya yanke kalmar sussuka ya liƙa mata alamar tauraro a ƙarshe, don ta kamo mai sussuka da sussukawa duka. Sannan ya haɗa ɓangarorin da AND, wato dole a sami wannan tare da wancan a takarda guda. Sai ga dubbai sun fito. Muka ƙara ganga da haƙora, suka ragu, amma yawancinsu na alkama ne da shinkafa.

Shafi ɗaya sai ya ɗauki lokacin da za a yi alwala kafin ya buɗe. Aka ɗauke wuta, aka tada janareto, muka faro daga farko. Haƙurina ya ƙare. Na ji shi ya ambaci NOT, mai korar duk abin da ba a so, sai na ce mu kore alkama mu huta. Ya bar ni na yi. Muka duba abin da ya rage har la'asar, babu mai kama da nawa. Na kifa kaina a tebur, na ce masa gara in sayar da kayan shagon in bar garin.

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗebe NOT ɗin nan. Ba ta da tausai. Takarda in ta ambaci alkama sau guda, ko cikin wucewa, ta yar da ita gaba ɗai." Na cire. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya, shi yana karantawa da tabarau a kan hanci, ni ina duba zane. Dab da magariba wani zane ya fara sauka daga saman allo a hankali: ganga, haƙora, raga, fanka a gefen hagu. Wani mutum ne a wata ƙasa mai nisa ya yi rajistarsa tun ina goye, wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa, ya zama na kowa. A layin farko ya ambaci alkama. Na yi kuka a gaban mutane, mai shagon ta kawo mini ruwa.

Wani lauya ya duba takardun da muka samo ya nuna wa mutumin birni, mutumin bai sake dawowa ba. Malam da kansa ya hau bayan babur ɗina har Sakajiki ya yi wa mahaifiyata bayani, bai tashi ba sai da ya ga ta sha fura. Da na yi masa godiya cewa ya yi, "Kai ma dai ka ji, ba kai ka hwara ba." Ya faɗe ta yana dariya, amma ya so in ji ta.

Kakar bara wani inji, ba nawa ba, ya kama hannun rigar wani magidanci a Zurmi ya tafi da yatsunsa. Malam ya zo shagona ya tsaya gaban nawa, ya zura hannunsa a bakin da ake tura zangarniya har ya taɓa haƙoran. Ya ce, "Naka ma bakinsu guda. Kak ka sake saida ko ɗaya sai mun gano yadda wasu sunka tsare hannun mutane." Na yi masa alkawari. Mun je Gusau sau da dama, mun fara ganin haske, muka sa ranar komawa bayan na dawo daga Katuru.

Bayan sadakar bakwai na je Gusau ni kaɗai. Na san AND, na san OR, ina tsoron NOT. Amma kalmomin da Turawa ke kiran wannan bakin inji da abin tsare shi da su, Malam ne ya san su. In na rubuta, ko dubbai su fito ko kada komai ya fito. Na juya zan yi tambaya, na tarar da baƙo a kujerar da Malam yakan zauna. Gero ya nuna, manoma suna zuwa suna komawa, injuna suna tsaye a shago ban sayar ba, waɗanda na riga na sayar kuma za a tada su cikin makonnin nan. Duk wanda ya taɓa koyon wannan bincike a hannun Malam, ina roƙonsa don Allah ya neme ni kafin a fara sussuka.

Ya Allah, Ka gafarta wa bawanKa Isiyaku, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa abin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana. Ka ba Inna Rabi, mai ɗakinsa, juriyar wannan rashi, Ka raya 'ya'yansa bisa tarbiyyarsa, kada Ka bar su su nemi abu su rasa mai nuna musu hanya. Hannayen da ya rasu yana jin tsoro dominsu, ya Ubangiji, Ka tsare su. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.